Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarakunan Zangon Akra: Ƙofar da Ake Buɗe wa Baƙo Mai Kamara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan zango na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina da Ashaiman, da limamanmu, Allah ya gafarta malamai, da iyayenmu mata magajiyoyi. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara, domin na san ba tarbiyyar zango ba ce yaro ya yi wa manya magana a bainar jama'a. Da so samu ne, goro zan riƙo, in tuɓe takalmi a ƙofar fada, in durƙusa in faɗi abin da ke tafe da ni. Na gwada hakan sau uku. Kowane zuwa sai a ce in dawo bayan Juma'a. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ɗan Nima ne, a nan aka yanke mini cibi. Sana'ata ɗaukar sauti a wurin shirya fim. In kun taɓa ganin wani yana tsaye a rana ya ɗaga doguwar sanda bisa kawunan mutane, da abin ji a kunnuwansa, yana hararar mai injin niƙa, to irina ne. Shekara 11 ke nan ina wannan aiki.

Bara waccan wasu Turawa su biyar suka zo daga wani kamfani, za su ɗauki fim a kan rayuwar unguwanninmu. Da ɗan gari akan ci gari, sai aka haɗa su da ni. Ni na sayo musu goro, ni na koya musu gaisuwa, ni na shigar da su zauren wani babba cikin manyanmu. Ba a yi awa ɗaya ba aka ce gari nasu ne, har aka ba su mutum biyu masu kore musu yara. Kwana takwas muka yi, na kuwa lura da inda kamararsu ke son kallo: babbar gotar Nima, bola, yaro marar takalmi, akuya a kan juji. Mun wuce Islamiyyar da yara mata ke hadda, mun wuce shagon telan da ya yaye yara sun fi talatin, ko murfin kamara ba a cire ba.

Akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai da muka yi hira da ita kusan minti 40. Ni na riƙe mata makirufo, don haka babu kalmar da ta wuce ni. Ta faɗi yadda ta zo Akra tana amarya a bayan motar goro, yadda ta raini 'ya'ya bakwai da wannan tukunya, biyu har jami'a, yadda ta sauke farali da kuɗin adashi. Can ƙarshe aka tambaye ta damina, ta ce in ruwa ya yi ƙarfi yakan shiga ɗakinta. Da fim ya fito, daƙiƙa 20 aka bar mata, kuma maganar ruwan ce kaɗai. Sunana kuwa yana can ƙasa, layi ɗaya da direbobi. Ba raina direba nake ba, amma ba tuƙi na yi ba.

Wata huɗu bayan haka, mu shida 'yan unguwa muka koma wannan zaure muna roƙon aron tsakar gida na yini biyu. Mako uku muna sintiri. Daga ƙarshe wani na jikin mai gidan ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Baba ya ce ba ya buɗe gidansa ga 'yan fim, 'yan iska ne.” Na ce to waɗancan da na kawo fa, ba 'yan fim ba ne? Ya ce ai su baƙi ne.

Ranku ya daɗe, abin ba a kaina ya faro ba. Tun a 1954 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya zo Akra da kamara ya bi 'yan ci-rani da suka gangaro daga Nijar, galibinsu Zabarmawa, 'yan dako da leburori. Ya ɗauki taron 'yan Hauka, masu wani irin bori, a bayan gari, inda iskoki ke hawan mutane su riƙa kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawan mulki, ana kumfar baki, har da yankan kare. Da fim ɗin ya fito a 1955, Turawan Ingila suka hana nuna shi domin sun ga da su ake, 'yan Afirka masu ilimi da suka gan shi a Paris kuma suka ji haushi domin sun san abin da Bature zai ɗauka ya tafi da shi. Wani fim nasa na wannan lokaci ya bi samari uku daga Nijar har kasuwar Kumasi da bakin tekun Akra. Na kalli duka biyun, ga kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: in ina son ganin tafiyar kakanninmu da rigunansu da yadda suke dariya a wancan zamani, wurin wannan Bafaranshe nake komawa. Sai in gode masa raina na suya. Sembène Ousmane na Senegal, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka, ya faɗa masa ido da ido a 1965 cewa irinsu suna kallon mu ne kamar ƙwari.

Labarin yana da wani reshe da na fi so. Oumarou Ganda, Bazabarme ɗan Yamai, tsohon soja, ci-rani yake yi a Abijan lokacin da Rouch ya sa shi a gaban kamara. Ya koma gida ya koyi aikin, ya zagaya bayan kamarar, a 1972 kuma fim ɗinsa ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Har yau akwai kyauta da sunansa a wurin.

Ƙasarmu ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Nkrumah ya kafa kamfanin fim na gwamnati a 1964, aka buɗe makarantar fim da talabijin ta NAFTI a 1978, Kwaw Ansah kuma ya ɗauko wa Gana waccan babbar kyauta ta Wagadugu a 1989. Da aka sayar wa wani kamfanin Malesiya kashi 70 cikin 100 na kamfanin gwamnati a 1996, waɗanda suka riƙe sana'ar su ne masu kamarar bidiyo, da suka fara tun 1987 ba su jira kowa ba. Fim ɗin William Akuffo da ake cewa shi ya buɗe wannan kasuwa sunansa Zinabu, sunan 'ya'yanmu, labarin kuwa na maita ne.

Daga nan aka ɗora. Ku tambayi jikokinku wane ne ɗan zango a finafinan da ake yi da Turanci a Akra ko da Tonanci, harshen Asante, a Kumasi. Mai gadi ne da ke gyangyaɗi a bakin get yana karya harshe don a yi dariya. Ɗan daba ne da ɗan siyasa ya yi haya. Mafi muni, malam ne a ɗaki mai duhu da jan ƙyalle da ƙwarya, yana haɗa wa yaro asirin kuɗi. Kalmar da muke kiran wanda ya koya mana Fatiha da ita, a bakin yaran da suka tashi da waɗannan finafinai ta koma boka. Kalmar sakawa ma daga bakinmu aka ɗauke ta, ta zama sunan damfarar intanet da tsafi, aka yi ta buga finafinai a kai. Ba na ɗora wa 'yan Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, laifin duka. Sun yi fim da harshensu, da kuɗin 'yan kasuwarsu, har 'yan wasa irin su Agya Koo da Lil Win suka zama sunayen da kowane gida ya sani, wannan kuwa abin koyi ne. Zango dai ta tagar tirotiro, motar haya, suke hango shi, abin da suka hango suka ɗauka.

Za ku ce to ba ga finafinan Kano ba? Muna kallo, muna so. Tun 1990 suke fim ɗin bidiyo da Hausa, yau kuma Arewa24 da YouTube sun kawo su har cikin wayar kowace yarinya. Amma jarumin Kano bai taɓa tsayawa a layi yana rantsuwa cewa shi ɗan ƙasa ne ba. Bai san gidan haya mai ɗaki 20 inda Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Badagombe da Bayarabe da Kirista ɗan Ewe ke bin layin famfo ɗaya ba. Hausarmu ma daban ce. Mukan ce “yarinya ya zo”, mu cusa Tonanci da Ga da Turanci a jimla ɗaya, 'yan uwanmu na Najeriya su yi ta dariya. Su sha dariyarsu. Da wannan Hausar aka yi cinikin shanu da goro a ƙasar nan shekara da shekaru, ita ta ba Gana kalmomin waakye da tuo zaafi da kaya, ni kuwa da kunne nake cin abinci, ban taɓa ɗaukar abin da ya fi ta daɗi ba in tsofaffi biyu suna musun ƙwallo a kan benci. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wasiƙar nan da Hausar littafi na rubuta ta saboda masu karatu na nesa, fim ɗinmu kuwa da ta gida za mu yi shi.

Labarai ga su nan jibge, waɗanda za su cika fim mai dogon zango, in ji Kanawa. Fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, watanni ana tafe da jakuna, madugu a gaba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa mutanenta. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, da ya zauna a Kete Krachi, wadda muke kira Karaki, har rasuwarsa a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara da kan talauci. Malam Bako ɗan Malam Naino da ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango. Malam Amadu Futa da farkon Nima. Ko a 2019, da Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ranar Ista yana cika shekara 100, duniya ta yi ta yaɗa hoton tana mamaki. Mu ba mu yi mamaki ba, domin mun san zaman tsakar gidan da ya haifi wannan hoto, kuma shi ne ba a nuna ba.

Wanda ya fi hana ni barci shi ne na 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Kun fi ni sani, wasunku kuna samari a lokacin. Ni a bakin kakata na ji, guntu-guntu, in tana tsintar shinkafa: yadda aka sayar da gida a kuɗin akuya, yadda mutane suka kwana a tasha a kan ƙunshin kayansu, yadda ƙanwarta ta bi miji zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ba su sake haɗuwa ba. Mutanen da aka haifa a nan suka wayi gari ana tambayar su takarda. Shekara 14 bayan haka, a 1983, Najeriya ta yi irin nata, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo da jakunkunan da har yau ake kira da sunan korar. Babu wanda ya tsaya a tsakiyar waɗannan kore-kore biyu kamar ɗan zango, mai dangi a kowane gefe. Kakata ta rasu ban ɗauki muryarta ba. Ina da na'ura, ina da batir, kullum ina cewa sai na samu sarari. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Amma yaron da yake ɗan shekara 15 a 1969 yau ya haura 70.

Ban ce tsoronku ba shi da tushe ba, ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu kiran kansu furodusa da ba su da komai sai waya da zaƙin baki, suna tara 'yan mata da alkawarin za su zama taurari. Akwai waɗanda suka ci bashin mai abinci suka gudu, akwai waɗanda suka ajiye 'yar mutane a lokeshin har ƙarfe ɗayan dare. Na gani, na yi faɗa a kai har na rasa aiki. Sai dai rufe ƙofa bai hana ko ɗaya ba, ya dai kora abin zuwa ɗakunan otal da gidajen da ba idon babba. In kuka buɗe, mu mun yarda tun kafin a tambaye mu: magajiya ta ba mu uwa ɗaya da za ta zauna tare da mu duk ranar da akwai mace a aiki. In an kira salla a tsaya. Budurwa sai da yardar iyayenta, ta kuma koma gida kafin isha'i. Mai gida ya ji labarin da za a ɗauka a gidansa daga farko har ƙarshe kafin a kafa ƙafar kamara.

Abu ɗaya ne ba zan yi muku alkawarinsa ba, gara in faɗa yanzu. Ba kowane fim ne zai zama wa'azi ba, ba kuma kowanne ne zai nuna zango fes ba. Za mu taɓa auren dole. Za mu taɓa tiramol da ke cin samarinmu, da rikicin gado da ke raba 'yan uba, da yaran da ake haya ranar zaɓe a manta da su washegari, da 'yan kayaye, mata 'yan dako, da ke kwana a bakin shaguna muna wuce su zuwa masallaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bambancinmu da baƙo shi ne, in mun nuna ɗan shaye-shaye mun san uwarsa, za mu nuna ta ita ma, kuma bayan fim ya fito a unguwar nan za mu kwana, sai ku aiko a kira mu.

Bari in faɗa muku abin da kalmarku ɗaya ke iya yi, ta fannin da na sani. Zango wuri ne mai wuyar ɗaukar sauti. Hoto in ya ɗan yi duhu mai kallo yana haƙuri, amma in bai ji magana ba, minti biyu ya kashe. Ga injin niƙa, ga masu babur, ga lasifikar mai maganin gargajiya, ga janareta in an ɗauke wuta. Lungunanmu kuma matsattsu ne, rana ba ta sauka cikinsu sai wajen azahar, mai ɗaukar hoto na rige-rige da ita. In ni na roƙi mai injin niƙa ya tsaya na minti 20, zai ce in biya shi kuɗin yini. In wakilin sarki ne ya yi masa sallama, zai kashe ya kawo mana benci. Kamara haya muke ɗaukowa, yini-yini ake lissafa mana, mun yi aiki ko ba mu yi ba. Fim ɗinmu na ƙarshe, mai minti 12 kacal, kwana huɗu muka tsara masa, ya ci tara, kwana biyar ɗin nan duk a neman izini da jiran shiru suka tafi. Shi ya sa 'yan wasanmu ba su samu komai ba sai waakye da godiya.

Sai maganar kuɗi, wadda ba na jin kunyarta. Kasuwar faifai da ta riƙe masu fim a Opera Square, cikin Akra, ta mutu. Gidajen sinima na da, irin su Dunia ta nan Nima da Orion ta Circle, sun daina haska fim tuntuni. Na zamani suna cikin manyan kantuna, kuɗin tikitin mutum ɗaya ya ciyar da gida. YouTube ba ya fara ba ka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, abin da ke fitowa daga masu kallo na yankinmu kuma bai taka kara ya karya ba. Saura mu da kanmu. A zango akwai dillalan shanu, akwai 'yan canji, akwai masu manyan motoci, akwai hajiyoyi masu sarin kaya daga Dubai da Lome. Ba sadaka muke nema ba, jari muke nema, a rubuce, da shaidu, kowa ya san kasonsa in an samu, ya san kuma ana faɗuwa kamar kowane fatauci. Amma Alhaji ba zai sa sidi ɗaya a abin da sarkinsa ya kira iskanci ba. Wurin nunawa ma yana hannunku: filin makaranta a daren Sallah, farin ƙyalle, majigi, benci, tikiti ta MoMo (biyan kuɗi ta waya), ɓangaren mata daban in kuna so. Kada kuma wani ya ce muku aikin 'yan gida ba ya zuwa ko'ina. Blitz Bazawule a nan ya yi fim ɗinsa na 2018 da ma'aikata 'yan ƙasa da kuɗi kaɗan, ya hau Netflix a 2019, daga baya Hollywood ta neme shi.

Akwai kuma manyan da mu ba ma iya gani, ku kuwa har gida suke biyo ku, musamman in zaɓe ya ƙarato. Dokar fim ta 2016, mai lamba 935, ita ta kafa Hukumar Fim ta Ƙasa, ta kuma tanadi asusun raya sana'ar. Dokar 2017, mai lamba 964, ta kafa Asusun Raya Zango. An shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wasu unguwanni, mun gode, wanda ya ga inda Mohammed Kudus ya kai daga Nima ba zai raina ƙwallo ba. To in sun zo gaisuwa ku ƙara musu da guraben karatu a makarantar fim ga 'ya'yan zango, maza da mata. Ku ƙara da ɗaki ɗaya mai kwamfuta biyu da wutar da ba ta yankewa, inda yaro zai tace aikinsa ba sai ya kwana a shagon wani ba. Ku nemi a sa mai jin Hausa cikin masu tantance finafinai da masu duba takardun neman tallafi, don kada labarinmu ya faɗi saboda sai an juya shi zuwa Turanci kafin a karanta. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da Hausa, amma a harsuna 11 da hukumar harsunan Gana ke buga littattafai da su babu ita. Mun saba da wannan zama na rabi ciki rabi waje, ba dole ne fim ma ya gaje shi ba.

Ban ce ku kori baƙi ba. A hannun wasunsu na koyi rabin abin da na sani, akwai masu amana a cikinsu, zango ma ai asalinsa masauki ne. Amma masauki yana da ƙa'ida. Kafin a ce gari nasu ne, a tambaye su yara nawa za su ɗauka su tsaya kusa da mai kamara da mai sauti, ba masu ɗaukar jaka kawai ba. A ce ɗan unguwa zai duba fassarar da za a rubuta a ƙasan hoto. A ce in an gama a dawo da kwafi a haska shi a unguwar da aka ɗauke shi, mutanen ciki suna zaune. Wanda ya san zai dawo ya haɗa ido da tsohuwa mai koko zai yi tunani kafin ya yanke mata magana. Ita har yau ba ta ga fim ɗin ba. Takan tambaye ni in na je sayen koko, ni kuma in ce mata bai fito ba tukuna. Allah ya yafe mini.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mai gaggawa. A gidajenku akwai akwatunan ƙarfe ɗauke da hotunan naɗin sarauta, da wasiƙun ajami, da takardun filaye, da fasfo ɗin waɗanda suka tafi Makka ta ƙasa. Damshin Akra da gara ba sa jira. Ba mu ce a ba mu ba, a bar mu mu ɗauki hotonsu a gabanku, a mayar a rufe. Ku kuma ba mu tsofaffi, maza da mata, kowanne awa biyu a zaurensa ko a ɗakinta, ya faɗi abin da ya ga dama, ya hana abin da ya ga dama. Kwafi ɗaya na fada, ɗaya na iyalinsa, ɗaya namu. Wannan ba ya buƙatar ko sisin gwamnati. Muna da sunayen mutum 23 a Nima da Mamobi kaɗai. Da muka fara lissafin da azumin bara, su 26 ne.

Ranar Asabar ta farkon wata mai kamawa, bayan la'asar, ni da abokan aikina biyar za mu zo duk fadar da aka ce mu zo, da goronmu, da ƙaramin majigi, da fim ɗin nan mai minti 12. Labarin wani tela ne da ɗansa da ya ƙi gadon keke. Ku kalla, in akwai abin da bai dace ba ku faɗa mana a zaure mu ji da kunnenmu. Bango fari ɗaya muke buƙata da soket mai wuta. In an ɗauke, mun tanadi batir.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa zango albarka.

Ɗanku,
mai ɗaukar sauti,
Nima, Akra.